Igwar Shan Ruwa

A ofishinmu na kago da ke Al Khabaisi a Dubai an san ni da murya. Idan na ɗauki waya ina yi wa wani ɗan kasuwar Kwari bayanin inda kwantenarsa ta maƙale, har mutanen ofishin da ke gefenmu sai sun san halin da ake ciki. Wata Balarabiya da muke aiki tare takan haɗe yatsunta ta ɗaga mini, ta ce, "Shwaiya, habibti, a hankali. Mutumin nan ko babu waya zai ji ki daga Kano." Sai in ce to, in ɗan sassauta, kafin a jima na koma gidan jiya. Ba da gangan nake yi ba. A gidan kurma na tashi, kuma duk 'yan gidanmu haka muke, ko gaisuwa muke yi sai maƙwabta su ɗauka faɗa ne ya kaure.

Sai dai wanda aka yi wannan murya dominsa bai taɓa jin ta ba, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Baba tsohon soja ne, na rundunar atilare, wato masu harba igwa. Ya yi yaƙin basasa yana saurayi, ya dawo da hannuwansa da ƙafafunsa lafiya lau, kunnuwa ne kawai ya baro a can. Su ma ba lokaci ɗaya suka tafi ba. Yayyena sun tarar da ɗan sauran ji, idan aka yi masa ihu ta dama yakan juyo. Kafin a zo kaina, ni auta, ɗan abin da ya rage ya ƙare ƙaf. Idan muka yi faɗa da babban yayanmu, gorin da yake yi mini ke nan: "Ni dai Baba ya san muryata." Don ya ba ni haushi yake faɗa, kuma yana ba ni ɗin, har yanzu da na haura arba'in.

Baki Baba yake karantawa. Ka tsaya a gabansa, haske na dukan fuskarka, ka yi magana a hankali, zai gane rabi, Umma ta cike masa rabin da hannu da ido. Mu yara kuwa ba mu yarda cewa ihu ba ya amfani ba, shi ya sa muka taso da maƙogwaro irin na kwandastan mota.

Akwai doka ɗaya a gidanmu na Birget wadda ba a rubuta ba, ba a kuma taɓa bayyana dalilinta ba: ba a tsayawa a bayan Baba. A zaure, bango yake jingina. A masallaci, ko shi ya fara zuwa, sahun ƙarshe yake nufa ya tsaya daf da bango. A motar haya kujerar baya yake zama komai matsatsinta. Mutanen unguwa suka ce ai kurma ne, ba ya son a zo masa ba zato. Mu ma haka muka ɗauka.

Ban fi shekara biyar ba na karya dokar. Na sha ganin 'yar maƙwabtanmu tana ɗare bayan babanta idan ya yi sujada, shi kuma ya daɗe bai ɗago ba don kada ta faɗi. Abin ya burge ni. Wata rana da hantsi na samu Baba yana nafila a tsakar gida, na lallaɓa, yana kai goshi ƙasa na haye. Ban san yadda aka yi ba, sai gani na na yi a gindin randa, goshina na jini. Da na ɗago, Baba na tsaye a kan sallaya, bakinsa a buɗe, jikinsa na ɓari. Bai ɗauke ni ba. Ya sa takalminsa ya fita, bai dawo ba sai da aka yi la'asar. Umma ta wanke mini ciwon, ta ce, "Ba a hawa bayan Babanku." Tabon na nan a girata ta hagu. Ban ƙi Baba ba, amma daga ranar ban sake zuwa kusa da shi fiye da inda zan durƙusa in gaishe shi ba.

Da Umma ta rasu, sai Baba ya rasa tafinta. Ga kuma ido ya soma yana, leɓen mutane ya fara yi masa dishi-dishi. Idan na kira gida ta bidiyo aka kai masa wayar, sai ya yi ta kallona yana gyaɗa kai, ko me na ce amsarsa ɗaya ce: "Madalla, auta. Allah ya yi albarka." Na ga idan na yi sake, mutumin nan zai rufu gaba ɗaya ina ji ina gani. Na ce a kawo mini shi Dubai a duba kunnen. Yayyena suka ce ɓata lokaci ne, kunnen da ya mutu tun kafin a haife ni. Na ce na ji, a dai kawo shi. Sun san halina, suka sa shi a jirgi. Biza ta yi jinkiri, sai ga shi ya sauka ana saura 'yan kwanaki a kama azumi.

Na riga na gama tsara komai a raina. Za a sa masa ɗan abin nan na ƙara ji a bayan kunne, likita ya murɗa, ni kuma in ce, "Baba." Har yadda zan faɗe shi na gwada a mota ina tuƙi, da ƙarfi ko a hankali. Maigidana ya sha kama ni ina yi, yana dariya yana cewa, "Ki dai bi shi a sannu, kada ki sake kashe kunnen ranar da aka tashe shi."

Aka shigar da Baba wani ɗan ɗaki mai gilashi, aka ɗora masa abin sauraro a kai, aka ba shi maɓalli a hannu, na nuna masa cewa idan ya ji ƙara ya danna. Ya zauna a miƙe, irin zaman soja, yana jira. Ina kallon likitan yana ƙara sauti, yana ƙarawa, har ni da ke waje na fara jiyo shi ta cikin gilashin. Yatsan Baba bai motsa ba. Likitan mutumin kirki ne, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce jijiyar ta mutu da daɗewa, babu na'urar da za ta tashe ta, ko aikin da ake yi wa wasu ba zai amfane shi ba. Baba bai kalli likita ba, fuskata ya kalla. Ya cire abin daga kansa, ya gyara hula, ya ce, "An gama? To mu tafi, auta, kada mu rasa azahar."

A mota na yi kuka kamar ranar da Umma ta rasu. Baba na kujerar baya yana kallon benaye, bai san ina yi ba.

Da aka kama azumi sai na mayar da ƙarfina kan girki, tun da abin da na iya yi masa ke nan. Maigidana yakan biya ta Murshid Bazaar ya samo tsamiya da gero wajen mutanenmu, in dama kunu, in soya ƙosai. A nan garin akwai al'adar buga igwa idan rana ta faɗi a watan azumi, don sanar da mutane an sha ruwa, kuma kullum ana nuna ta a talabijin. Mun saba da ita har ba ma ɗaga kai. Ranar nan ina jera kofuna sai na ga Baba ya tashi daga jikin bango, ya je ya kusa manna fuskarsa da talabijin. Aka buga, hayaƙi ya tashi. Bai kai dabino baki ba. Ya ce, "Yaron can na hagu bai buɗe bakinsa ba. Zai yi kuka da kunnensa nan gaba." Ya juyo ya kalle mu. "A garin nan take? Ku kai ni in gan ta."

Na ce wa maigidana ina tsoron kada abin ya tayar masa da wani tsohon ciwo. Ya ce, "Tun da ya zo, me kika ji ya roƙa? Khalas, magana ta ƙare, gobe zan baro wajen aiki a Al Quoz da wuri mu kai shi."

Fili ne babba, cike da iyalai da yara da masu ɗaukar hoto. An ja igiya an kewaye igwar, 'yan sanda cikin kaki mai guga suna tsaye a gefenta, an goge ta tana sheƙi. Baba ya saka babbar rigarsa ta Juma'a. Sai da ya zagaya ya samu wata 'yar katanga ya jingina bayansa tukuna ya natsu. Ya ƙanƙance ido ya daɗe yana duban igwar, ya ce, "Tsohuwa ce. Ta girmi tamu, amma 'yan gida ɗaya ne." Da lokaci ya matso, tun kafin mai ba da umarni ya ɗaga hannu, Baba ya ɗan karkace, ya buɗe baki. Ta tashi, ƙasa ta girgiza, yara suka yi ihu, tattabaru suka watse. Baba ya dafe ƙirjinsa da tafin hannu, fuskarsa ta washe yadda ban taɓa gani ba, ya ce, "Na ji ta. Wallahi na ji ta, a nan."

Maigidana ya yi ta murna. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, kishi ne ya kama ni. Tun ina ƙarama nake tsage maƙogwaro a gaban mutumin nan, ƙarfe ya yi tari sau ɗaya ya ce ya ji. Na miƙa masa ruwa.

Daga nan kullum sai mun je. Mukan isa da wuri, mu shimfiɗa darduma a gindin katangar, kuma a wannan ɗan zaman jiran magariba ne Baba ya fara ba da labarin rundunarsu, abin da ko Umma ba na jin ta samu. Ba a jere yake ba da shi ba, kuma ba ya jin tambaya, sai dai ka karɓi abin da ya zo. Wani lokaci muryarsa ta yi sama har mutane su juyo, wani lokaci ta yi ƙasa sai na kai kunne.

Ya ce igwarsu uwar ɗaki suke ce mata, don ita ake fara yi wa rumfa kafin su nemi inda za su kwanta, ita ake fara gogewa kafin su wanke ido. Ya ce an kwashe su daga arewa a jirgin ƙasa, yawancinsu ba su taɓa ganin dajin da rana ba ta ratsa shi ba. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, motar da ke jan igwa ta kafe a taɓo, sai su ɗaura igiya su ja da ƙirji. Da farko ana raba musu auduga su toshe kunne, da aka yi nisa auduga ta koma wajen masu rauni, suka koma yagar ƙasan singileti, daga baya ma suka daina, suka bar wa buɗe baki.

Ya ce, "Mu ba ma ganin wanda muke harbi, auta. Lamba ake aiko mana ta waya, mu juya ƙarfe, mu ɗaga, mu saki. Sai bayan kwanaki, idan an ci gaba, mu bi ta garin." Ya ce a wani gari sun tarar da tukunya a kan murhu, da muciya a ciki, babu rufin ɗaki babu kowa. Sai ya nemi a ba shi carbinsa.

Wanda ya fi ambata shi ne sajensu, shugaban masu aiki a kan igwar. Mutumin Jos ne, Kirista, ƙato, mai Hausar bariki, wanda idan azumi ya zo yakan karɓi gadin Baba na yamma don ya samu ya sha ruwa a zaune. Baba shi ne mai jan igiyar da ke tashin igwa. Da aka yi nisa da yaƙi kunnensa ya toshe har ba ya jin umarni, kuma idan manya suka gane za a cire shi a mayar da shi baya. Sai sajen ya samo dabara. Idan umarni ya zo, yakan matso ya manna ƙirjinsa a bayan Baba ya kwarara ihu, "Faya!" wato a harba. Baba ba ya ji da kunne, amma yana jin ihun yana ratsa ƙashin bayansa, sai ya ja. Ya ce haka suka yi ta yi har wasu igwogin suka kwaikaya, don kusan kowa ya kurumce. Ya ce ko cikin mutum ɗari aka manna masa ƙirji, zai fitar da na sajen.

Ranar da ya ba da ƙarshen labarin, maigidana ya je ɗauko ruwa a mota, daga ni sai shi. Ya ce wata safiya suna cikin harbi, mutanen can suka gano inda suke, suka fara ramawa. Sajen ya manna masa ƙirji kamar kullum, ya fara ihun. "Na ji farkonsa a bayana, ban ji ƙarshensa ba. Sai nauyi." Ƙarfen da ya taso daga baya, wanda da Baba zai samu, a jikin sajen ya tsaya. Baba ya ce ya daɗe a durƙushe da mutumin a kansa, yana jiran ya ƙarasa umarnin.

"Shi ke nan," in ji shi. "Na ce ba wanda zai sake tsaya mini a baya. Wurin ba shi da kyau."

Na kai hannu na taɓa tabon girata ban sani ba. Idonsa bai yi mutuwar da zai kasa ganin wannan ba. Ya kawar da kai, aka buga igwa, muka sha ruwa.

Wannan ne azuminsa na ƙarshe. Bayan ya koma gida bai kai ga wani ba, kuma kafin in samu jirgi an riga an kai shi makwancinsa. Shi ya sa nake riƙe da yammacin da zan faɗa yanzu da hannu biyu, don ba ni da wani irinsa.

Ana jibi zai tafi ne. Mun shimfiɗa darduma, rana ta yi ja, 'yan sanda sun fara jeruwa. Sai Baba ya dafa katanga ya miƙe, ya yi taku zuwa gaba, ya bar bayansa a fili. Ban taɓa ganin haka ba tun da nake. Ya ce, "Auta, zo ki tsaya nan."

Na zagayo gabansa don ya ga bakina. "Baba, a bayanka?"

"Na yi ta lura da ita," ya ce, yana nuna igwar da haɓa. "Kullum ita kaɗai take magana, babu mai rama mata. Nan ba abin da zai same ki. Sa fuskarki a tsakanin kafaɗuna, ki yi magana da ƙarfi, irin naku na gida."

Kunya ta kama ni. Mace da girmanta, a bainar jama'a, ga maigidana na kallo. Amma na je. Rigarsa na ƙanshin turaren da na saya masa, ƙashin bayansa duk ya fito. Na kwantar da kuncina a kai. Maganganun da na tara tun ina yarinya, waɗanda na yi ta gwadawa a mota, babu wadda ta zo. Na cika ƙirji na ce, "Baba!" da muryar da ake yi mini dariya a kanta a ofis. Mutane suka juyo. Ban damu ba.

Ya sandare. Can ya ce, "Sake."

"Baba! Ni ce!"

Na ji bayansa yana rawa. Ya ce, "Kai! Ashe saje na haifa. Allah ya ba mijinki haƙuri." Maigidana ya ce amin da ƙarfi, yana share ido da hannun riga.

Ban ɗago ba, shi ma bai matsa ba. Sai ya yi ƙasa da murya, har na fi jin ta a kuncina fiye da kunnena. Ya ce, "Ba yau na fara jin ki ba. Ranar da kika hau ni ina salla, na ji ki. Tun bayan saje ba abin da ya yi motsi a wurin sai ranar. Na ɗauka an sake kashe wani a bayana." Ya ci gaba. "Abu ɗaya ne ban sani ba, kuma na kasa tambayar uwarki. Da kika hau, kafin in yar da ke, wani abu na ji yana kaɗawa a bayana. Dariya kike yi, ko wani ne ya doke ki kika gudo wajena kina kuka?"

Dariya nake yi. Na tuna sarai, dariya nake ƙyalƙyalawa don na hau dokina. Na so in zagaya in faɗa masa, amma haske ya riga ya tafi, ba zai ga bakina ba. Sai na ce bari in yi masa dariyar a inda zai ji ta, ya gane da kansa. Na buɗe baki, abin da ya fito ba ita ba ce. Kuka ne ya ƙwace mini, irin mai jijjiga kafaɗa, na riƙe rigarsa ina yi a tsakiyar bayansa.

Baba ya tsaya cak yana saurare. Sannan ya gyaɗa kai a hankali, ya sauke ajiyar zuciya.

"Yawwa," ya ce. "Irin wannan ce. Dariya ce ashe. Alhamdu lillahi."

Ban gyara masa ba. Aka buga igwa, ya manta bai buɗe baki ba, na miƙa masa dabino ta kan kafaɗarsa.